ZARE: Jakar Kakata, Jar Fatar Sakkwato, da Jakar da Aka Saya Yuro Miliyan 8

1/ Zaren yau dogo ne, ku gyara zama. 🧵
Jiya wata ƙawata ta shigo ɗakinmu a hostal, ta ga zanen wata tsohuwar jaka manne a bango saitin gadona. Ta ce, "Wai ke me ya haɗa ki da komatsan tsofaffi ne?" Na ce mata amsar ba ta tsaye ba ce. To ga ta nan, ita da ku baki ɗaya.

2/ Tsofaffin jakunkunan mata nake tarawa. Yanzu guda tara gare ni. Babu ta wani babban kamfani a ciki, kuma in aka kwashe su duka aka kai wa 'yan gwanjo, ban jin kuɗin zai ishe ni data ta wata guda. Amma akwai ɗaya da ko nawa aka ajiye min ba zan bayar ba: jakar Kaka, wadda ta haifi Ummanmu, Allah Ya jiƙanta da rahama.

3/ A 2022 ta rasu, muna zaune a gida lokacin dogon yajin aikin nan na wata takwas. Da aka share makoki aka zo fitar da kayan ɗakinta, aka ware na gado, aka ware na sadaka. Sai wani ɗan tsibi a bakin ƙofa na abin da za a zubar: fasassun kwanuka, tsummokara, takalmi wari guda. A nan na hango ta.

4/ Na ɗauka na kai wa Umma da su Kawu na ce ina so. Kawu ya yi dariya ya ce, "Ɗauki mana, wannan ai ko ɓera ya ƙi ta." Jar fatar akuya ce, faɗinta bai fi tafin hannu biyu ba. An yi mata ado da baƙi a gefe-gefe, geza a ƙasa, igiyar ratayawa ta tufkakkiyar fata.

5/ Na shiga ɗaki na buɗe. Tandun kwalli. Kwabo biyu masu huji. Allura a soke jikin ƙyalle. Guntun goro da ya bushe ya koma kamar tsakuwa. Wata takarda a ninke da rubutun ya goge. Sai ƙamshinta, goro da turaren wuta. Wallahi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, a wannan lokacin na yi shi.

6/ "Kishiya" take ce min, kun san wasan jika da kaka. Ina ƙarama in na kai hannu wajen jakar sai ta make ni, ta ce kishiya ba ta leƙa jakar kishiya. Shekara da shekaru ina son ganin abin da ke ciki. Ranar da na gani kuwa, babu mai make min hannu.

7/ Na tambayi Umma: wa ya ɗinka ta? Yaushe? Abin da ta sani kawai, cikin kayan auren Kaka ta zo, tun kafin a ba Najeriya 'yancin kai, kuma mahaifinta ne ya saya mata a hannun wani baduku ranar kasuwa. Sunan badukun ya tafi da masu shi. Wannan abu ya tsaya min a rai, shi ya sa na fara bincike.

8/ Ni fa ba tarihi nake karanta ba, ɗalibar kimiyyar sinadarai ce. Amma zaman gida ya yi yawa, ga waya a hannu. To bari mu bi tarihin jaka daga tushe, sannan mu dawo kan ta Kaka. Ku biyo ni, akwai inda za mu je.

9/ Abu na farko da ya ba ni mamaki: jaka ba kayan mata ba ce tun asali. A 1991 aka tsinci gawar wani mutum a cikin ƙanƙara a tsaunukan da ke kan iyakar Italiya da Ostiriya. Ötzi ake kiransa. Ya kai shekara 5,300 da mutuwa, kuma a ƙugunsa akwai 'yar jakar fata ɗinke da ɗamararsa.

10/ Me ke ciki? Duwatsu masu kaifi na yanka, tsinken ƙashi na huda fata, da wani busasshen abu na kunna wuta. Wato kayan da ba zai iya fita ba tare da su ba. Haka jaka take har gobe. Shi ƙyastu, Kaka kwalli da goro, ni caja da katin shaidar makaranta.

11/ Ita kuwa jakar da masana da yawa ke ganin tana cikin mafi tsufa a jakunkunan hannu na mata da suka rage a duniya, a ƙasar Musulmi aka yi ta. A birnin Mosul na Iraƙi, tsakanin 1300 zuwa 1330, zamanin da Mongol ke mulkin yankin. Ta tagulla ce, an yi mata ado da zinare da azurfa. Yanzu tana gidan adana zane na Courtauld a Landan.

12/ Abin burgewa, a kan murfinta an zana zaman fada: wata mai sarauta a zaune, a gefenta hadimi yana riƙe da madubi, rataye da jaka irin wannan ɗin sak. Wato shekara 700 da suka wuce, manyan mata suna da mai riƙe musu jaka. Masu ba wa ƙannensu riƙon jaka a wajen biki, ashe gado kuka yi 😂

13/ A Turai kuma, matan ƙarni na 17 da na 18 ba sa riƙe jaka a hannu. Aljihu suke ɗinkawa daban, su ɗaura a ƙugu a ƙarƙashin manyan rigunansu masu faɗi, su zura hannu ta wata tsaga. Kusan dai lalitar da tsofaffinmu ke ɗaurawa a ƙarƙashin zane.

14/ Sai wajen 1790, bayan juyin juya halin Faransa, yayi ya canza. Aka koma siraran riguna marasa nauyi, babu inda za a ɓoye aljihu. Dole ya fito fili, ya zama 'yar jaka mai zariya da ake ratayawa a hannu. Reticule suke ce mata. Mutane suka yi ta yi mata ba'a, don a ganinsu kamar mace ta fito da kayan ciki waje ne.

15/ Abin da ya mayar da ita jakar fata mai ƙwari irin ta yau shi ne jirgin ƙasa. A ƙarni na 19 tafiya ta yi sauƙi, mata suka fara hawa jirgi. Manyan akwatuna suna taragon kaya, mace tana buƙatar abin da za ta sa tikiti, kuɗi da makulli a kusa da ita. 'Yar jakar ƙyalle ba za ta jure ba. Masu ɗinkin akwati da kayan doki suka shigo harkar.

16/ Yanzu ku saurara da kyau. Hermès ɗin nan da ake ji da shi, a 1837 Thierry Hermès ya buɗe shagonsa a Paris, kuma kayan doki yake ɗinkawa: linzami, ragama da makamantansu. Jakar farko da gidan ya yi ma ta ɗaukar sirdi ce. A Hausance dai, baduku ne.

17/ Louis Vuitton ya buɗe nasa a 1854, maƙerin akwatin tafiya ne. Tambarin LV da kuke gani a kowane lungu na kasuwa, ɗansa Georges ne ya fito da shi a 1896 don ya yi maganin masu jabu. Shekara fiye da 120 ke nan, jabun bai ƙare ba. Ni kaina ina da guda, ba sai kun tona min asiri ba.

18/ Gucci kuwa a 1921 aka kafa shi a Florence ta Italiya. Bayan yaƙin duniya na biyu kayan aiki suka yi ƙaranci, sai a 1947 suka lanƙwasa gora da wuta suka yi mariƙin jaka da ita. Rashi ne ya haifar da ita, yau kuma ita ce abin alfaharinsu.

19/ To mu ina muke a cikin labarin nan? Nan ne fa abin ya fara ba ni haushi, ya kuma ba ni alfahari. Ku fara duba yawan sunayen da Hausa ke da su na jaka kawai.

20/ Gafaka ta malamai da almajirai, ta sa Alƙur'ani da littattafai. Zabira ta wanzamai, mai aljihuna da yawa, kowace aska da gurbinta. Alabe na kuɗi. Lalita ta ƙugu. Burgami na fatar akuya sukutum. Taiki na hatsi da kayan fatauci. Salka ta ruwa. Tandu na kwalli ko mai. Al'ummar da ba ta ƙware a fata ba ba za ta tara sunaye haka ba.

21/ Har lissafin kuɗinmu jaka ce. Kun taɓa jin tsoho ya ce "jaka biyar" yana nufin naira dubu? Zamanin Turawa fam 100 na tsaba ake ƙullewa a jaka guda. Da naira ta zo a 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, sai jaka ta zama naira 200. Jakar ta ɓace, sunan ya zauna.

22/ Sana'ar kashi biyu ce. Majema su jeme fata, dukawa su ɗinka. Ana jiƙa fata, a sa toka a cire gashi, a kankare, sannan a tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa. Nan karatuna ya yi min rana: bagaruwa cike take da sinadarin tanin, shi ke kama zaren fata ya ɗaure shi, ya hana ta ruɓewa.

23/ Sai rini. Ja daga karan dafi, wata irin dawa da ake nomawa don launinta. Rawaya daga gangamau. Baƙi daga kuloko, wanda ake haɗawa da ƙarfe. Ku riƙe maganar kulokon nan, za mu dawo kanta. Kakanninmu ba su shiga ɗakin gwaji ba, amma abin da muke haddacewa don jarrabawa su da hannu suka san shi.

24/ Ita kanta dabbar ta musamman ce. Jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira jar akuyar Maraɗi, fatarta tana cikin fatun akuya da aka fi daraja a duniya. Tana da laushi, tana da ƙwari, ga kyan ƙwayar fuska, kuma tana karɓar rini yadda ake so.

25/ Baƙin da suka zo sun gani sun rubuta. Hugh Clapperton ya shigo Kano a 1824, ya yi bayanin jima da rinin fatar garin. Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar nan da sunan Abdulkarim, ya zo a 1851. Ya rubuta cewa takalman Kano suna tafiya nesa, kuma jajayen fatu ana kai su da yawa har Tarabulus.

26/ Hanyar ita ce Kano, Damagaram, Agadas, Gat, Gadamas, sai bakin teku. Watanni a bayan raƙumi. Daga tashoshin Arewacin Afirka fatar ta haye Turai, a yi bangon manyan littattafai da ita, a yi alabe, a yi takalma. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, sai hanya ta juya kudu, ta Legas.

27/ Ga inda gizo ke saƙar: a Turai sunan wannan fata "fatar Maroko". Saboda ta hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka take isa gare su, sai suka laƙaba mata sunan can. Maroko ma suna jima, ba a musu. Amma kaso mai yawa na abin da aka sayar da wannan suna daga ƙasar Hausa ya fito. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

28/ Har yau ba ta canza zane ba. Masana'antun jima na Kano suna fitar da fata zuwa Italiya da Sifaniya, a can a ƙarasa ta, a yanka, a ɗinka, a buga tambari. Mu kuma mu toshe hanci in mun wuce ta majema, sannan mu yi adashi don mu sayi jakar da aka rubuta Italiya a jikinta. Ni ma ina ciki, ba wa'azi nake muku ba.

29/ Na daɗe ina tunanin me suka fi mu. Hannu dai badukun da ya ɗinka jakar Kaka ba shi da abin jin kunya, ɗinkinsa ya haura shekara 60 bai warware ba. Abin da na gano shi ne su suna ajiye labari. Kowace jaka da sunanta, da shekararta, da wadda ta riƙe ta.

30/ Misali, Coco Chanel ta fito da wata jaka mai sarƙar ratayawa a kafaɗa, don hannun mace ya huta. Sunanta 2.55, wato watan 2 na 1955. Har watan haihuwarta an rubuta a sunanta. Wata kuma ta Hermès, an ɗauki hoton Grace Kelly, matar sarkin Monaco, tana kare cikinta da ita a 1956. Tun daga nan ake ce mata Kelly.

31/ Babbar cikinsu ita ce Birkin. A shekarun 1980, 'yar fim kuma mawaƙiya Jane Birkin, wadda aka sani da yawo da kwando maimakon jaka, ta zauna kusa da shugaban Hermès, Jean-Louis Dumas, a jirgin sama. Kayanta suka zube. Ta yi ƙorafin ba ta samun jaka mai ɗaukar kaya. Daga wannan hirar aka ɗinka mata ɗaya, aka sa mata sunanta.

32/ Ta yi shekaru tana jibgarta kamar jakar cefane, sannan a 1994 ta bayar aka yi gwanjonta don tallafa wa masu cutar ƙanjamau. Ta rasu a 2023. Ranar 10 ga Yuli 2025 aka sake gwanjon wannan jaka a Sotheby's ta Paris. Wani ɗan kasuwa daga Japan ya saye ta kusan Yuro miliyan 8.6, sama da dala miliyan 10. Ku buga lissafin naira da kanku, ni kaina ya yi zafi.

33/ Ku je ku nemi hotonta. Ta ƙoƙe, ta karce, ga tabon takardun da ta liƙa a jiki, ga abin yankan farcenta a rataye, ga haruffan J.B. a gaba. Ba a goge komai ba, don dattin nan shi ne kuɗin. Na kalli hoton, na kalli jakar Kaka da aka tsinto a tsibin shara. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san zuma ce.

34/ Akwai wata mata a Holan, Hendrikje Ivo, da ta fara da tsohuwar jaka guda ɗaya ta wajen 1820. Ta yi ta tarawa har abin ya zama gidan tarihi na jakunkuna a Amsterdam, mai kaya sama da 5,000. An rufe shi a 2020 lokacin korona. Da na karanta labarinta na ce to, ashe ba ni kaɗai ce mai wannan ciwon ba.

35/ Sai na fara bin gidajen dangi. Goggo ta ba ni fos ɗinta ta Makka, mai maɓallin ƙarfe da ke cewa ƙyas in an rufe. Inna ta ba ni ta duwatsu da ta zo a lefenta. Wata maƙwabciyarmu ta ba ni alaben mijinta marigayi. Sharaɗina ɗaya ne: ba na karɓar jaka sai da labarinta. Ina kunna rikoda a waya, su yi ta zuba.

36/ To ina zane ya shigo? Kun tuna kuloko? Ƙarfe in ya haɗu da tanin shi ke ba da baƙin, irin haɗin da tsohuwar tawadar Turawa ke da shi. Matsalar ita ce da tafiyar shekaru yana cin abin da aka shafa shi a kai. Na lura baƙin adon jakar Kaka yana marmashewa, jan kuma yana nan. Duk ɗagawa sai na ga gari a hannuna.

37/ Ba ni da yadda zan tsayar da shi. Na ɗauki hotuna sun fi hamsin, amma in na duba sai in ga wata tsohuwar jaka ce kawai, irin wadda Kawu ya gani. Wata rana na ga fentin ruwa na 'yan firamare a jakar ƙanina. Na ara, na samo kwali da burushi, na ajiye ta a kan darduma na fara. Tun zanen taswira a sakandare ban sake zana komai ba.

38/ Na farko da na gama, ƙanina ya leƙo ya ce, "Yaya, kilishi ne aka sa wa igiya?" 😭 Na biyu ya fi muni, ruwa ya yi yawa kwalin ya kumbura. Na koma YouTube na koyi yadda ake fara shafa mai haske, a bari ya bushe, sannan a bi da mai duhu. Masu shirin yi min tambaya, jaka dai ba ta da rai, ku kwantar da hankalinku.

39/ Abin da zane ya yi min wanda hoto bai yi ba: ya tilasta min kallo. Hoto daƙiƙa ɗaya ne. Zane sai ki yi awa uku kina kallon kusurwa ɗaya. A nan na gane jan jakar ba iri ɗaya ba ne. Inda rana ta taɓa ya koma kamar ƙasa, cikin ninki yana nan jawur kamar ranar da aka rina shi.

40/ Sai na ga wani wuri a murfin da ya yi duhu yana sheƙi, daidai girman babban yatsa. A gefen hagu yake. Na je na tambayi Umma. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ai bahaguwa ce." An hana ta tun tana yarinya, ci da karɓa duk da dama take yi. Amma buɗe jaka da ƙirga kuɗi, hagunta take sawa. Shekara 20 ina tare da matar nan ban sani ba.

41/ Sannan igiyar. Ina cikin zana ta na ga wani wuri da ɗinkin ya bambanta, an yi shi da baƙin zaren kitso, ba hannun baduku ba ne. Na sake komawa wajen Umma. Wannan karon sai da ta ajiye abin da take yi ta zauna.

42/ Lokacin da Umma ta ci jarrabawar shiga makarantar kwana, kakanmu ya ce shi ba shi da halin kayan makaranta. Kaka tana cikin gida, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi, yara na kai mata talla. Ta kwashi adashinta, ta haɗa da abin da ta tara, jaka ɗaya da rabi, yawanci tsaba. Ta zuba a jakar nan.

43/ Ranar da za a je sayen akwatin ƙarfe da bokiti da katifa, nauyin tsabar ya tsinke igiyar a zaure, kuɗi suka watse. Umma ta ce tana tuna su biyu a durƙushe suna tsinta. Da dare Kaka ta ɗinke ta da zaren kitso a gaban fitilar ƙwai. Takardar nan da rubutunta ya goge, Umma tana kyautata zaton rasit ɗin makarantar ne.

44/ Umma ta gama, ta zama malamar asibiti. Ni ga ni a jami'a. In kun bi igiyar karatun gidanmu, a wannan ɗinkin zaren kitson za ku tsaya. Kuma saura ƙiris a zubar da shi da fasassun kwanuka, ba don mugunta ba, sai don babu wanda ya tambaya.

45/ Na kai zanen na bakwai wa Kawu, wanda ya ce ɓera ya ƙi ta. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Daga cikinta take ba ni kwabon kashewa." Yanzu yana falonsa a cikin gilashi. Na goma sha ɗaya ne ƙawata ta gani a bangona. Har yanzu ban iya zana geza ba, kamar taliya take fitowa, amma muna kan hanya.

46/ In kuna da irinta a gida, ga ɗan abin da na koya. Kar a sa ta a leda, fata tana son iska. A nisanta ta da rana da danshi, musamman da damina, don fumfuna. A cusa farin ƙyalle a ciki don kar ta lotse. A goge ƙura da busasshen ƙyalle mai laushi. Kar a yi mata wanka da mai ko turare, tabo yake bari.

47/ Wanda ya fi duka muhimmanci: ku samu 'yar takarda ku rubuta ta wace ce, daga ina ta zo, wace shekara, me aka yi da ita. Ku ninke ku sa a ciki. Abin da Chanel ta yi ke nan da ta rubuta 2.55. In mai jakar tana raye, ku bar takarda tukuna, ku je ku zauna kusa da ita ku kunna rikoda.

48/ Kuma in kun shiga Kasuwar Kurmi ko wata kasuwa kuka sayi jakar fata a hannun baduku, ku tambaye shi sunansa da garinsu, ku rubuta. Na Kaka ya ɓace mana. Na yanzu suna nan da ransu, suna zaune a rumfa suna jiran ciniki.

49/ Nan zan tsaya, gobe ina da gwaji ƙarfe takwas kuma ban buɗe littafi ba. Mai tsohuwar jaka, alabe, gafaka ko zabira a gida, ya ajiye min hotonta a ƙasa da labarinta ko layi biyu ne. Zan zaɓi uku in zana su in an yi hutu, in sha Allah. Kar dai wanda ya ce min kilishi.

50/ Allah Ya jiƙan kishiyata, Ya haskaka kabarinta, Ya jiƙan naku da suka riga mu. Wanda kakarsa ke raye, ya kira ta yau. 🤲🏾